Gidan bakin tafki ba a gama duba shi rana ɗaya

Ma'aikacin da ya tara kuɗi shekara da shekaru a Birnin Kebbi ko Abuja, ya yi niyyar sayen gida a Yelwa ko Wara, yakan zo duba gidan sau ɗaya tak, shi da dillali. Ya ƙirga ɗakuna, ya taka tayil, ya yaba fenti, a yi ciniki. Jami'in banki da ake turowa kimanta gidan jingina ma sau da yawa iyakar abin da yake yi ke nan. A gaɓar tafkin Kainji wannan ne kuskure mafi tsada, domin abin da zai ci gidan ko ya bar shi ruwa ne, ruwan kuwa ba kowace rana yake nuna kansa ba.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa biyu ke cika tafkin a shekara. Na farko shi ne wanda masana kogin ke kira farin ruwa, na damunar Arewa, mai ɗauke da laka, wanda ke tumbatsa wajen Satumba da Oktoba. Na biyu baƙin ruwa ne, da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sannan ya iso nan cikin hunturu. Saboda haka tafkin yakan cika maƙil a lokacin da ƙasa ta bushe, ya kuma ja baya sosai wajen Yuli zuwa Agusta, ana tsakiyar ruwan sama. Tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai kusan mita 10 a tsaye, a shimfiɗaɗɗiyar gaɓa kuwa wannan fili ne mai faɗi. Wanda ya zo a Yuli zai ga tafki can nesa ya ɗauka gidan yana tudu. Wanda ya zo a Fabrairu zai ga iyakar tafki, amma ba zai ga yoyon rufi ko inda ruwan unguwa ke bi ba. Kowannensu rabin gidan ya gani.

Kuskure na biyu shi ne fara dubawa daga ciki. Gwanin dubawa daga waje yake farawa: ya zagaya unguwa, ya ga ina gangare ya nufa, ya gwada tsayin daɓen gida da na titi, ya bi lambatu har inda ya ƙare. Sannan ya durƙusa a gindin bango. Layin da ruwa ya bari, farin gishiri da ke fitowa a jikin filasta, fentin da ya kumbura, ƙasan ƙofar ƙarfe da ya yi tsatsa, duk shaidu ne. Sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai abin tambaya ne. Tsagar da ta bi bango a karkace daga kusurwar taga takan nuna harsashi na motsi, kuma wannan aikin injiniya ne mai rajista da COREN, ba na magini da buhun siminti ɗaya ba. A leƙa cikin silin da tocila a ga abin da gara ta yi wa katako.

Na uku ya shafi tarihin yankin. Lokacin da aka tare kogin, an tashi mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai, aka gina musu sababbin matsugunai da bulon siminti, da yawa da rufin asbesto. Waɗannan gidaje sun haura shekara hamsin. Asbesto idan yana zaune lafiya haɗarinsa kaɗan ne, amma idan aka fasa shi ko aka yanka, ƙurarsa na jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru. Mai dubawa da ya rubuta "rufi na buƙatar canji" bai faɗi irin rufin ba, ya jefa kafinta da yaran gida cikin haɗari.

Na huɗu shi ne mantawa da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta suka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Kusa da tafki, inda ruwan ƙasa ke tasowa, ramin masai na iya haɗuwa da ruwan sha ba wanda ya sani. A auna da tef, har da masan maƙwabta.

Na biyar takarda ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansu. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa tana da amfani, amma ba ita ce shaidar mallaka ba. A gwada abin da taswirar safiyo ta ce da inda katanga take tsaye. Idan gidan gado ne, a tabbatar an raba, kuma kowane magaji ya yarda.

Za a ce mai gida ba zai jira wata shida ba, wani zai riga ka. Gaskiya ne, amma akwai mafita. Tsofaffin hotunan Google Earth na iya nuna inda ruwa ya tsaya a watanni daban-daban. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Masunci ko mai kwale-kwale da ke unguwar zai nuna da yatsa inda ruwa ya kai a 2012 da 2020, kuma ba shi da la'ada a cinikin. Ana iya riƙe wani kaso na kuɗin, a rubuce, har damuna ta wuce.

Ana cewa gani ya kori ji. A Yauri da Ngaski da Shanga ganin rana ɗaya bai isa ya kori ji ba. Rahoton duba gida da bai faɗi watan da aka je ba, da inda tafki yake a ranar, da wanda aka tambaya, bai cancanci banki ya ba da bashi a kansa ba, balle magidanci ya zuba guminsa.