Ka Daina Ɗora wa Netwok Laifin 404, Malam!

Jama'a, abin nan ya isa haka. Kusan kullum sai an turo mana hoton allon waya da rubutun 404 Not Found, a ƙasa an rubuta: "netwok ne ko kamfanin hostin ne suka cuce ni?" Ɗan'uwa, ba ko ɗaya. In ka ga 404, ai saƙonka ya isa har kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, wato uwar garke, ta duba ta ce maka abin da ka tambaya ba ya wurin da ka nuna. Da netwok ne, ko wannan amsar ba za ka samu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu ba da shawara a guruf-guruf: "sa wa komai izinin 777, zai buɗe." Wallahi wannan cuta ce. Matsalar izini galibi 403 take kawowa, ba 404 ba. Ka bar ƙofar gidanka a buɗe alhali makullin ba shi ne matsalar ba. Fayil 644, folda 755, ka bar su haka.

To ina laifin yake? Sau da yawa a babban yatsanka. Yawancin uwar garke Linux suke amfani da shi, shi kuwa Linux ba ya ɗaukar babban baƙi da ƙarami a matsayin abu ɗaya. About.html daban, about.html daban. Kai kuma da waya kake aiki, kibod ɗinka da kansa yake mayar da harafin farko babba ba tare da ka lura ba. A wayarka shafin ya buɗe lafiya lau, domin ma'ajiyar Android ba ta damu da wannan bambancin ba, sai ka ɗora shi intanet ya ce bai san zancen ba. Haka hoto: ka rubuta .jpg a cikin kod, fayil ɗin kuwa .JPG ne. Wasu manhajojin rubutu ma sukan liƙa .txt a ƙarshe, ka wayi gari da about.html.txt.

Sai wurin ajiya. A cPanel, public_html ne gidan shafinka. Ka warware zip, ya buɗe sabuwar folda a ciki ya zuba komai can, kai kuma kana neman fayil a bakin ƙofa. Shiga File Manager ka gani da idonka.

Masu WordPress, ku ne kuka fi saurin goge komai ku sake daga farko, har da rubutun wata shida. Haba! In shafin farko na buɗewa amma sauran duk 404, shiga Settings, sai Permalinks, ka danna Save Changes ko ba ka canza komai ba. Wannan zai sake rubuta fayil ɗin .htaccess. Ba ka ganinsa ne saboda sunan da ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, sai ka kunna Show Hidden Files.

Wanda kuma ya kama VPS da kansa: a Apache ka tabbata mod_rewrite na aiki kuma AllowOverride na kan All, in ba haka ba .htaccess ɗinka ado ne kawai. Nginx kuwa ba ya karanta .htaccess sam, ko ka kwana kana gyara shi. Layin try_files za ka duba, da layin root. Buɗe fayil ɗin error.log, zai nuna maka cikakkiyar hanyar da ya bi ya rasa fayil ɗin.

Kafin ka turo mana hoto a inbos, kwatanta adireshin da ke saman burauzarka da sunan fayil ɗin, harafi bayan harafi. In sun yi daidai kuma bai buɗe ba, to turo, amma ka haɗo da hoton public_html ɗin.