Shafi 10 a Rana: Abin da Shekarar Karatu Ta Koya wa Wani Uba

A yawancin gidajenmu littafi kayan yara ne. Uba zai saya, uwa za ta duba jaka ta tabbatar ba a yaga shi ba, malami zai yi bulala idan an manta shi a gida. Amma da wuya yaro ya ga mahaifinsa zaune da littafi a hannu, ba don jarrabawa ba, ba don neman ƙarin girma a wurin aiki ba. Daga nan sai mu koma muna kukan cewa yaran zamani ba sa son karatu. To, a wurin wa za su gani su so? Ra'ayina shi ne, duk magidanci da uwargida da Allah Ya hore wa iya karatu, na boko ko na Larabci ko na ajami, ya kamata su ɗora wa kansu wani ƙayyadadden karatu na shekara, su riƙe shi kamar yadda ake riƙe wuridi.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne rashin lokaci, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai a yi lissafi. Shekarar Hijira kwana 354 ce. Wanda ya karanta shafi 10 kullum zai ƙare ta da shafi 3,540, wato kusan littafi 12 masu shafi 300 kowanne. Shafi 10 kuwa bai wuce minti 20 zuwa 30 ba, abin da da yawanmu ke ƙararwa a WhatsApp kafin shayi ya huce. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, a kan falalar aikin da aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, shi ne tushen wannan tsari.

A kan wannan lissafi na tafi tun daga Muharram ɗin bara, ina ma'aikaci mai 'ya'ya huɗu. Lokacina shi ne bayan Asuba, kafin gida ya tashi da neman safa da kuɗin tara. Zulhajji ya same ni da littafi 11 a kammale. Ga abin da biyar daga cikinsu suka bar mini.

Na fara da Ar-Rahiƙul Makhtum na Shaikh Safiyyur Rahman Al-Mubarakfuri, malamin Indiya wanda littafinsa ya zo na ɗaya a gasar rubuta Sira da Rabiɗatul Alamil Islami ta shirya a ƙarshen shekarun 1970. Kusan duk abin da ke cikinsa mun taɓa jinsa gutsure-gutsure a wa'azi. Amma bin sa daga farko zuwa ƙarshe yana ba da wani abu dabam: tsawon lokaci. Sai ka ji nauyin shekara 13 na Makka, da shekara uku na ƙaurace wa Banu Hashim a kwarin Abu Ɗalib. Uban da ke son ɗansa ya shiryu cikin mako guda yana bukatar wannan darasi.

Na biyu shi ne Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi na Barno. Bello ya kawo hujjojin abokin jayayyarsa a cikin littafinsa, sannan ya ba su amsa, har ya zama ta hanyarsa ne mutane da yawa suka san abin da Al-Kanemi ya faɗa. Ɗalibanmu masu raddi a Facebook, waɗanda ke yanke rabin maganar mutum su yi masa hukunci da ita, su nemi wannan littafi.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, na taɓa karanta shi a makaranta, kuma a lokacin idona na kan yaron da aka sace har ya zama babban malami. Da na sake buɗe shi ina uba, sai na ga ashe littafin na uwar ne: matar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta ƙetare Sahara, ba ta gan shi ba sai a ƙarshen kwananta. Littafin bai canza ba, mai karatun ne ya canza. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan masu cewa sun gama karatu tun a sakandare.

Sai labarin Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954. Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Daga bakinta mutum zai ga yadda renon yaro ya kasance aikin gida guda, da kakanni da gwaggwanni da ƙawayen uwa. Yau mata da miji su biyu ke ɗaukar kayan da dangi ke rabawa a da. Ba mamaki muke gajiya.

Na biyar shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara. Na san akwai masu ganin littattafan hikaya ɓata lokaci ne, kuma lalle a cikinsu akwai na banza. Amma ayoyi da hadisan haƙƙin iyali da muka haddace suna ƙara shiga zuciya idan muka ga yadda tauye su ke yi wa gida. Littafin fiƙihu zai gaya maka hukuncin ciyarwa, wannan kuwa zai nuna maka tukunyar da ba a ɗora ba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, wannan karatu ba ya maye gurbin tilawar Alƙur'ani, ita tana da lokacinta, kuma ita ce gaba. Na biyu, kada ƙidaya ta zama manufa. Imam Gazali ya rubuta wa ɗalibinsa ɗan ƙaramin littafin nan, Ayyuhal Walad, yana jan kunnensa game da ilimin da ba a aiki da shi. Littafi huɗu da suka gyara hali sun fi 40 da aka jera don a faɗa. Na uku, a yi adalci ga mata. Uwar da ke tsakanin murhu da goyo da wanki ba za ta samu minti 20 ba sai an ba ta. Maigidan da ke son matarsa ta yi karatu, ya karɓi yaran na ɗan lokaci, ba ya tsaya ga yi mata nasiha ba.

Batun tsadar littafi kuma yana da magani irin namu. Yadda ake adashin kuɗi, a yi adashin littafi: gida shida, kowane ya sayi biyu, a riƙa zagayawa wata-wata. Shekara za ta ƙare kowa ya karanta 12 da kuɗin biyu, kuma an samu abin tattaunawa da ya fi gulma.

Ba sai an jira Muharram ba. A zaɓi littafi ɗaya, a ajiye shi inda yara za su gani, a buɗe shi gobe bayan Asuba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuriya.