Idan Wuta Ta Ci Zauren Kakanni

Ranar 16 ga Maris 2010 gobara ta lashe Kasubi, makwancin sarakunan Buganda da ke Kampala. Ginin ciyawa da itace ne da Sarki Mutesa na Ɗaya ya yi fada da shi a 1882, kuma sarakuna huɗu ke kwance a cikinsa. Sai a 2023 UNESCO ta cire shi daga jerin wuraren tarihin da ke cikin haɗari. Japan ta ba da kuɗi don a sake gina shi, amma kuɗi ba ya ɗaura jinka. Sa'ar da mutanen Buganda suka yi, zuriyar Ngeye, masu gadon baibayar fadar, suna da sauran waɗanda suka san aikin.

To mu fa? Tsibiri, da ke gundumar Gidan Rumji, Gobirawa suka kafa ta wajen 1836, kuma har yau can Sarkin Gobir yake zaune. A ƙasar Agye da Gazawa ma akwai tsoffin zauruka da masallatan ƙasa. Allah ya kiyaye, in iskar hunturu ta kai wuta ɗaya daga cikinsu, na san abin da za a yi: a kafa kwamiti, 'yan kasuwar Maraɗi su yi karo-karo, kafin damina a tsai da bulo a buga kwano, a ce an gyara. Rana na take tsaka zafin kwano ya kori dattawa zuwa gindin bedi, zaure ya koma ma'ajiyar buhuna. Zauren da ba a ɗaura aure a cikinsa, ba a sasanta manomi da makiyayi, ina amfaninsa ga gari?

Wani zai ce ginin ƙasa wahala ne, kowace shekara sai yaɓe. Gaskiya ne. Sai dai wannan yaɓen shi ne makarantar magina. A nan yaro ke koyon kwaɓin ƙasa, jera tubali, shafa makuba da ɗaurin guga. Azara ma yanzu sai an nema, don giginya ta yi wuya.

Shawarata ga magadan gari da sarakunanmu ita ce a ware ɗan kuɗi duk kaka a ba Sarkin Magina gyaran tsoffin gine-gine, da sharaɗin ya zo da almajirai. A auna kowane zaure, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a ajiye a ofishin magajin gari. Wayoyin lantarkin da ake ratayawa a jikin azara kuma a kira mai gyaran wuta ya duba su tun hunturu bai kama ba.