Daidai Ruwa Daidai Tsaki Wajen Zaɓen Dabbar Kiwo

Kowace shekara, idan Babbar Salla ta gabato, kasuwar Jega takan cika da manyan raguna, Balami da Uda, masu ɗaukar ido. A nan ne ma'aikaci wanda ya tara 'yan kuɗinsa, ko ya karɓi garatuti, yakan yanke shawarar shiga kiwo, ya zaɓi tumakin da suka fi girma a kara. Kafin damina ta faɗi harawa ta ƙare, dusa ta yi tsada, dabbobi sun rame, jari ya karye.

A ganina, abincin da mutum ya tanada shi ya kamata ya zaɓa masa irin da zai kiwata. Balami, wadda asalinta ƙasar Barno ne, ita ce mafi girman tumakinmu, cinta kuwa daidai da jikinta. Uda, mai rabi fari rabi baƙi ko ja, dabbar makiyaya ce, ta saba da doguwar tafiya a busasshen daji. Manomin Aliero da gonakin albasa suka kewaye shi ba shi da wannan fili. Na Maiyama ko Jega da ke bakin fadama kuwa, sai ya yi hattara da ciwon ƙofato da na hanta, waɗanda danshi ke haddasawa. Ga irin waɗannan gidaje, tunkiya 'yar ƙasa ta fi dacewa, domin matsakaiciya ce, ga juriya, ga wadatuwa da abin da ya samu.

Haka nan jar akuyarmu ta ƙasar Sakkwato. Cikinta wata 5 ne, takan haifi tagwaye, kuma da kyakkyawar kulawa tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Fatarta ce ayari suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan ƙasar Maroko. Maƙwabtanmu na Nijar sun san darajarta, tun 1963 suka kafa mata cibiya a Maraɗi. Mu kuwa muna sayar da bunsurun da ya fi kyau, mu bar na baya yana barbara, har irin yana ta gurɓata.

Wani zai ce ai babban rago ya fi kawo kuɗi. Gaskiya ne, amma a turka. Wanda ya adana harawar wake da ta gyaɗa yana iya sayen ragon Uda ko Balami, ya turke shi wata 3, ya sayar lokacin layya. Kiwon haihuwa dabam ne, domin uwar garke sai ta ci abinci rani da damina.

Saboda haka muna kira ga jami'ar jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da ta haɗa kai da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, a samar wa ƙauyuka ingantattun raguna da bunsuraye na barbara. Ɗalibanmu na aikin gona su ma su kai wannan bayani gida lokacin hutu. Shi kuma mai niyyar kiwo, ya fara leƙa rumbunsa kafin ya nufi kasuwa.

Allah Ya sa mu dace.