Daga Bayan Kyamara: Uwargida Ko Amarya?

Wanda ya ga kan maganar nan ya gyara zama, yana zaton wani jarumi ne zai ƙara aure, to ya yi haƙuri, wannan watan babu gulma. Zancen laftof ne, kuma wani ƙanena ne ya jawo shi.

Yaron nan shekararsa biyu yana bin lokeshin, daga riƙe fitila ya koma riƙe sandar ɗaukar sauti. Yanzu ya ce shi edita zai zama. Ya ɗauki adashensa, ya sayar da babur ɗinsa, ya same ni ya ce, "Yaya, raka ni Beirut Road." A shago na uku mai kaya ya ajiye mana guda biyu a kan kanta. Ɗaya baƙa, tokunbo, ThinkPad T480 fitar 2018, gefenta har ya koɗe. Ɗayar MacBook Air ce sabuwa dal a kwalinta, siririya, sai sheƙi take. Kuɗin ƙanena ya ishi baƙar har da canji mai kauri. Amaryar kuwa sai ya ranto ciko, kuma na san wajen Hajiyarmu zai nufa. Na dubi fuskarsa, na ga tuni zuciyarsa ta tare a ɗakin amarya.

Mai shago ya dafa baƙar ya ce, "Yallaɓai, wannan tana karɓar ƙari." Gaskiya ya faɗa. In ka kwance bayanta za ka tarar da gurbi biyu na RAM, ka ɗaga ta daga giga 8 zuwa 16, ko ma 32. Ma'ajiyarta ana cirewa a sa SSD babba. Batirin waje kuwa da hannu ake zare shi, ko sukudireba ba a nema. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tace fim, domin kamfanin Adobe da kansa giga 16 yake ba masu Premiere Pro shawara in hoton HD ne, 32 in 4K ne. Ita kuwa MacBook, tun daga M1 ta 2020, RAM ɗinta a haɗe yake da ƙwaƙwalwarta. Yadda ka saye ta haka za ku rabu.

Sai dai akwai abin da masu shago ba su cika faɗa ba. Ƙarin nan yana da iyaka. Ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, da ɓangaren da ke sarrafa hoto, ba sa canzuwa. Ko giga 32 ka ɗura mata, ka ɗora mata ɗanyen 4K sai ta riƙa tafiya tana tuntuɓe, fanka na kuka kamar injin markaɗe. Dole ka yi abin da editoci ke kira furokzi, wato ka yi aikin da ƙaramin kwafi mara nauyi, sai lokacin fitarwa manhajar ta koma kan hoton asali. Ana yi, amma yana cin lokaci. Sannan RAM ɗin kansa ya yi tsada tun ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin AI sun yi masa wawa. Don haka kafin ka ce "zan ƙara daga baya", tambayi kuɗin ƙarin a nan take, ka haɗa lissafi.

Ga kuma wani tarko da nake roƙon ku kula da shi. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga Intel zubi na 8 take farawa. Shaguna cike suke da 'yan zubi na 6 da na 7, masu araha da kyan gani. Har cikin T480 ɗin akwai masu na 7. A kunna maka na'urar, ka duba lambar: in ka ga i5-8250U, wannan 8 ɗin da ke bayan karan shi ne shaidarka. In 7 ko 6 ka gani, ka yi sallama.

To amarya fa, ba ta da hujja? Wallahi tana da ita, kuma hujjar sunanta NEPA. Batirinta yana ɗaukar awoyi masu yawa kana aiki, alhali tsohuwar da batirinta ya sha jiki, ana ɗauke wuta ka fara kallon agogo. Air ba ta da fanka, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Wajen fitar da aiki ma ba a haɗa su. Editan da ke da shiri mai dogon zango a hannu, furodusa na tsaye a kansa duk mako, ni ba zan ce masa ya sayi tsohuwa ba. Lokacinsa ya fi bambancin kuɗin tsada. Amma fa ran da ta lalace za ka san ka yi aure, don gyaran allonta sai ƙwararre, kuɗin kuma ba na wasa ba. Baƙar kuwa kusan kowane mai gyara a layin nan yana da kayanta a aljihun tebur.

Na ja ƙanena gefe na ce, "Kai, tsakani da Allah, wane aiki za a ba ka bana? Labarina? Ko Izzar So?" Ya yi dariya. Mun sani, bidiyon biki ne, da tallan shago, da 'yan barkwanci na YouTube da TikTok, waɗanda duk a waya za a kalla. 1080 ta ishe su. Kuma mai kallo yakan yafe hoto in ya ɗan dushe, amma in sauti ya yi ruwa, nan take zai wuce gaba. Yaron da ya shekara riƙe da sandar sauti bai kamata a tuna masa wannan ba.

Na kuma ba shi labarin da ba na son tunawa. Ina makaranta na karɓi aikin bikin wasu mutane, tun daga kamu har budar kai, duk a ma'aji ɗaya, ba kwafi. Ya mutu ana saura kwana biyu in miƙa. Har yau in na hango yayan amaryar sai in canza hanya. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a kan na'ura, da me zai sayi ma'aji na biyu?

Baƙar muka ɗauka. A gabanmu aka sa mata giga 16 da SSD, muka gwada kowace kafa ta USB, muka zare caja muka ga yadda batiri ke sauka, muka sa aka canza shi. Ragowar kuɗin ya sayi ma'ajin waje da abin sauraro na kunne mai kyau. Hajiya ba ta ma san an yi niyyar kuɗinta ba, sai dai in ta karanta wannan.

Da za mu fita na kama shi yana waiwayen kwalin amarya. Shekaranjiya ya fitar da aikinsa na farko, walimar saukar karatu. Ya danna, ya tafi Magariba, ya tsaya ya sha shayi, ya dawo ya tarar saura kaɗan. An biya shi, har an haɗa shi da wani bikin.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.