A Fito Aikin Gayya Tun Ciyawa Ba Ta Fi Ƙarfinmu Ba

'Yan'uwa, duk mai dangi a Haɗeja ko Nguru ya san kachala. Bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar dā. Kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta kuma zama makwancin jan baki mai cinye hatsi. Da lauje mutanen can suke shiga ruwa suna yankanta, gayya bayan gayya.

Mu a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni abin bai kai nan ba, amma mafarin ɗaya ne: ruwan da ya kwanta ba mai kula. Ciyawa da leda su cika kwata, sauro ya hayayyafa, ruwan Agusta ya rasa hanya ya shigo ɗaki. Ambaliya kuwa ba ta tambayar gidan wane ne.

Akwai wata asarar da ba mu cika lura da ita ba. Kano na da Kasuwar Rimi, da Kurna, da Ɗorayi, da Tsamiyar Boka. Sunayen suna nan, amma yaranmu nawa ne za su iya nuna kurna ko ɗorawa? Duk inda aka ce dashe, sai darbejiya. Ba mu raina inuwarta ba. Sai dai baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, tsuntsaye da jemagu na baza 'ya'yanta, ba ta bukatar taimakonmu. Tsamiya, kanya, ɗinya da aduwa su ne ke jiran hannu, su ne kuma ke ciyar da mutum da tsuntsu da ƙudan zuma.

Don haka muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su je wurin mai unguwa tukuna, a nemi izini, a gayyato maƙwabta, kada aikin ya zama namu mu kaɗai. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, maimakon zaman jiran a buɗe hanya, matasa su fito da shebur da manjagara. Abin da aka kwashe kada a bar shi bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi.

Dashe kuma a yi shi da damina, a kewaye saboda awaki. Kowane itace a rubuta sunan gidan da zai ba shi ruwa daga Nuwamba har faɗuwar ruwan sama.