Kada a Gaggauta Mai Ciwon Gwiwa

'Yan'uwa, a watan Fabrairu 2024, kwanaki kaɗan bayan ya buga wa Nijeriya wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan, Zaidu Sanusi, ɗan Jega mai tsaron baya a Porto, ya tsinke jijiyar gwiwa. Aka yi masa tiyata, ya yi watanni bai taka leda ba. Sai a 2025 ya koma Super Eagles.

Mu kuwa a Tozai, Isa da Sabon Birni, yaro ya faɗi a fili, a kai shi wurin maɗori, bayan sati biyu a ce masa tashi, baya ta yi rauni. Maɗori gwanin ƙashi ne, amma jijiya ba ƙashi ba ce. Aikin mai tsaron baya juyi ne da tsalle. In gwiwarsa tana gocewa zai riƙa jin tsoron tara, 'yan kallo kuma su ce ya lalace.

Gwiwar da ta kumbura tana gocewa, a kai ta asibitin koyarwa na Sakkwato. Mun san halin hanya, mun san tsada. Iyaye da masu horarwa su haɗa kuɗin, su kuma bar likita ya faɗi ranar komawa fili.